Layin da Na Goge a Lis

Ina tsaye ranar da taubashina, ɗan gwaggota, ya fasa wa wani mutum baki a gindin pompon unguwarsu saboda bidon ɗaya, jarkar ɗibar ruwa. Da hantsi ne. Ruwa ya kwana uku bai zo ba sai ranar, layin bidon ya miƙe tun daga pompo har ya zagaya bayan dutse. Mutumin ya ɗauki nasa ya tsallake na wata tsohuwa. Taubashina ya tako. Ya kama shi ta wuyan riga, ya haɗa fuskarsa da bakin siminti sau biyu, haƙora suka zube cikin taɓo. Mata suka watse, tsohuwar da aka yi dominta ta fi kowa gudu. Shi kuwa ya mayar da bidon ɗin inda yake, ya wanke hannu, ya juyo ya gan ni, ya ce, "Kai, mai wuyan zakara, me ya kawo ka unguwar maza?"

Haka muke da shi tun muna yara. Uwarsa ƙanwar babana ce, don haka al'ada ta ba mu izinin zagin juna a ko'ina, a gaban kowa. Ni in ce masa jakin Damagaram, shi ya ce mini mai wuyan zakara. A wurin suna, a wurin biki, har a hanyar dawowa daga maƙabarta, ba mu taɓa gaisawa kamar mutane ba. Wanda ya yi fushi shi ake yi wa dariya. Ban taɓa jin ya kira sunana ba, kuma da ya kira da na zaci ba shi da lafiya.

Ɗan pale ne. Duk wanda ya zauna a Zindar ya san su: samarin unguwa majiya ƙarfi da ke haɗa ƙungiya, su kafa rumfa, su zuba siminti a gwangwani biyu su soka ƙarfen mota a tsakiya su yini suna ɗagawa. Suna sayar da esansi, wato man fetur, a kwalba a bakin hanya, suna riƙe da pompo in ruwa ya yi wuya, in kuma wata pale ta taka musu ƙasa a fito da adda da gora da sarƙar moto, wato babur. Jikin taubashina duk tabo ne. Gwaggo ta daɗe da daina kuka. Tana da wani kwano da tsohon zane a bayan ƙofa, in ya shigo da jini ta wanke ta ɗaure, ba ta tambayar wa ya yi masa.

Ni ma ba waliyyi ba ne, kada a zaci haka. Gyaran waya nake yi a wata rumfa kusa da kasuwar Dole, kuma zuciyata a kusa take. Na taɓa jifan wani da turnabis, abin kwance kusa, don ya ce na sauya masa batiri, ya same shi a kafaɗa. Bambancina da taubashina shi ne ni na yi lekol, karatun boko, har lise, babbar sakandare, kuma bakina ya fi hannuna sara.

A bayan wannan rumfa tawa Lis ta fara. Mu ƴan kaɗan ne da muka ɗauki niyyar koyon rubuta program da kanmu, ba malami ba makaranta. Darussa cike suke a intanet, amma wallahi yawancinsu tarko ne ga mutumin Damagaram. Ka buɗe ɗaya, mutum ya yi ta gaisuwa da surutu, kafin ya fara koyarwa megarka, datar da ka saya, ta ƙare. Wani da turancin Ingila ne, mu da Faransanci ma da ƙyar. Wani sai da babbar ordinatar, wato kwamfuta, wani kuma ka kai tsakiya ya ce ka saka katin banki. Bayan mun sha wannan wuya kowa shi kaɗai, sai muka ce mu haɗa jeri guda wanda kowa zai iya buɗewa ya ƙara. Kowane darasi layi ɗaya: sunansa, da wane harshe ne, yana buɗuwa a waya ko sai ordinatar, yana cin mega ko ba ya ci, sannan ɗan bayani da Hausa daga bakin wanda ya saka shi, da alamarsa a ƙarshe. Shi ke nan Lis. Duk Lahadi bayan la'asar muna taruwa, a ɗora shayi, a duba abin da aka ƙara a mako.

Akwai ɗalibai, akwai wani infirmiye ma'aikacin jinya, akwai wani da yake zuwa daga Dakusa in ya samu mota. Wadda ba ta fashi ita ce wata malamar lekol daga Mirriya, mace mai sanyin magana da ba ta taɓa ɗaga murya ba, amma in ta dube ka ta saman gilashinta sai ka gyara zama. Dokokinmu biyu ne, kuma ni na tsara su da bakina, ina ta ƙafafa da su. Ba ka saka darasin da ba ka gama ba, kuma ranar Lahadi sai ka miƙe ka nuna abin da ka gina da shi. Ta biyu, ba ka cire darasin da ba ka gama ba, komai munin da ka ga ya yi maka. Na biyun na fi son faɗa wa sababbin zuwa, ina buga tebur.

Wata shekara da zafi aka sare abokin taubashina a gabansa da rana tsaka. Abokin nan tare suka tashi, tare suka bar lekol a aji uku. An same shi a wuya, ya mutu kansa a cinyar taubashina kafin a samu abin ɗaukarsa. Bayan sadakar bakwai gwaggo ta zo rumfata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bencin masu jiran gyara, ta bari kowa ya tafi, ta ce ɗanta ya kwana bakwai bai fita ba, ya ce mata yana son ya koyi abin da nake koyo. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗan yayana, riƙe mini shi. In ya koma can, gawarsa za a kawo mini."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na faɗa da sauƙi, kamar an ce in riƙe mata buhun gero.

Ya fara zuwa ran Lahadi. Benci ya yi masa kaɗan, in ya zauna gwiwoyinsa har ƙirji. Ɗalibai suka riƙa ja da baya, infirmiye kuwa ya san shi sarai don ya sha ɗinke shi. Na ba shi wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da mai ita ya bari. Na zaunar da shi gaban ordinatar sau biyu ko uku, na ga yana danna harafi ɗaya biyu na fitowa, na yi tsaki na ce jaki ko a gaban ordinatar jaki ne. Ya yi dariya ya ce zakara ya ji da wuyansa. Daga nan bai ƙara tambayata ba, sai ya koma gefen malamar Mirriya, su yi ta magana ƙasa-ƙasa.

Ƴan pale ba su sake shi da daɗi ba. Ba a fita daga cikinsu haka kawai. Wata Lahadi ya zo da ido a kumbure da leɓe a tsage, yana jan ƙafa. Su shida suka tare shi a lungu da gora, shi kuma ya sa hannu a baya ya tsaya, don haka ake yi wa mai son tafiya. Shugabansu ya gaya masa ƴan ordinatar ba za su taɓa ɗaukarsa mutum ba, za su yi masa dariya ya dawo da ƙafarsa, wurinsa na nan an ajiye masa. Da yake ba ni labari yana taɓa leɓen, ya ce mini addarsa tana nan a ƙarƙashin katifa bai mayar ba tukuna. Ranar da layinsa ya shiga Lis, da alamarsa a ƙarshe kamar ta kowa, ranar zai kai musu ita ya ajiye a gabansu, ya ce ya samu wasu mutanen. Na ji shi da kunnena. Ba zan ce ban san abin da layin nan yake nufi gare shi ba.

Ya ɗauki watanni. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shiga ya fita. Wata Asabar ya leƙo rumfa ya ce ya saka layinsa, gobe zai miƙe.

Da safen Lahadi na buɗe Lis, na gangara ƙasa, na ga sabon layi. Sunan darasin kawai na karanta. Na san shi: wani abu ne da aka yi wa yaran firamare, mai wata kyanwa a fuskar waya, ana jawo ƴan akwatuna masu launi ana jera su, kyanwa ta yi tafiya ko ta yi rawa. Na yi dariya har na ƙware. A cikin Lis ɗin da na yi shekaru ina tsarewa, wadda nake alfahari babu shirme a cikinta, ƙaton da ya zubar wa mutane haƙora ya kawo mini kyanwa. Ban duba sauran layin ba, na rufe na ci gaba da aiki, ina ta shirya abin da zan faɗa masa.

Bayan la'asar aka taru. Ina gefe ina narka dalma a cikin wata waya da aka matsa mini a kanta, ƙarfen narkawar a jone. Taubashina ya zo da farar riga doguwa, a goge, har da hula. Ban taɓa ganinsa da hula ba in ba ranar salla ba. Ya miƙe, kansa na taɓa rufin rumfa, ya ɗaga tsohuwar wayar nan yana zufa. Abin da ya gina layin pompo ne. Bidon-bidon masu launi a jere, kyanwa tana tsaye a gindin pompo tana kiran na gaba. In ka ja wani bidon ka tsallakar da shi gaba, kyanwa ta tako ta ɗauke shi ta mayar can baya. Ya nuna sau biyu. Ya ce da wannan ba sai an daki kowa ba.

Malamar Mirriya tana murmushi. Ni kuwa sai na buɗe baki.

Na ce jama'a ku taya ni murna, sarkin adda ya koma kiwon kyanwa. Ɗalibai suka fashe da dariya, su da suka yi watanni suna tsoronsa, yau sun samu ƙofa. Dariyar nan ta hau mini kai. Na ce a tambaye shi ko kyanwar tana shan esansi, na ce gobe sai ya kawo mana darasin langa. Shi ma ya yi ɗan murmushi da farko, don wasan taubasai ne, ya san shi. Amma bai rama ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali. Ni ban tsaya ba.

Malamar ta dube ni ta saman gilashi ta tambaye ni ko na gama darasin. Na ce ni ba na bukatar gama wasan yara kafin in san wasan yara ne. Ta ce dokar ba ta ce haka ba. Na ce ni na yi dokar. Na juya ordinatar yadda kowa zai gani, na shafa layinsa tun daga farko har alamarsa, na danna gogewa. Layin da ke ƙasa ya hau ya rufe gurbin.

"Taubashi, mayar," in ji shi. A hankali ya faɗa.

Na ce in kyanwa yake so gwaggo tana da guda biyu a gida, Lis ba lekol ɗin yara ba ce.

"Mayar. Ka yi wasanka, an yi dariya. Mayar."

Ya tako ya miƙo hannu wajen ordinatar. Yanzu na san so yake ya mayar da layin da kansa. A lokacin na ga hannun da na gani a gindin pompo yana zuwa, na ce fasa mini ita zai yi. Ƙarfen narka dalma yana hannuna da zafinsa. Na ɗora masa shi a damtse, na danna. Hannun farar rigar ya ƙone, fata ta yi ƙara, ƙaurin nama ya cika rumfa. Ni na fara, wannan ba na ɓoye shi ko a gaban wa.

Mari ɗaya ya yi mini da tafin hannu. Na ji wani abu ya fashe a cikin kunnena na hagu, na faɗa kan tebur, tebur ya kife, butar shayi da gawayi suka watse a ƙafafun mutane, wayoyin jama'a suka tarwatse cikin ƙasa. Kafin in gane sama da ƙasa ya ɗago ni ta maƙogwaro da hannu ɗaya ya manna ni da ginshiƙin rumfa, ƙafafuna na lilo. Rufin kwano yana karkarwa. Ina ganin idonsa ja, ina ganin ɗaya hannun a dunƙule ya ja shi baya. Infirmiye ya rataye a kafaɗarsa, ko motsi bai yi ba. Na san in hannun nan ya sauka fuskata ta gama aiki. Ya tsaya haka har duhu ya fara rufe mini ido, sannan ya buɗe yatsu na zube. Ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya kaɗe. Ya ajiye tsohuwar wayar a kan benci a hankali, ya fita.

Kwana uku ina tofar da jini, kunnen nan kuma har yau in ana magana ta hagu sai na juyo. Amma ban yi nadama ba a lokacin, ƙarya ne in ce na yi. Duk wanda ya zo duba ni sai na nuna masa shatar yatsu a wuyana in ce ga abin da ake samu in an jawo dabba cikin mutane. Malamar Mirriya ta aiko cewa ba za ta ƙara saka layi ba sai mai doka ya bi dokarsa. Na ce ta sha zamanta. Gwaggo ta zo, ta tsaya a bakin rumfa ta dubi wuyana, ta dubi idona. Na fara yi mata bayani. Ta ce ta ga ƙunar da ke damtsensa, ita ta wanke, sannan ta juya ta tafi ba sallama.

Ba a yi mako ba na gan shi a bayan moto, su uku, adda kwance a cinyarsa. Ya dube ni kamar yadda ake duban bango. Raina ya ɓaci, amma na ce wa kaina ai dama can wurinsa ke nan.

Da zafi ya dawo ruwa ya sake ɗaukewa. Wata rana wajen azahar wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin rumfata ya ce ana sare-sare a pompon unguwar gwaggo, pale biyu sun haɗu. Ban san lokacin da na hau bayansa ba, ko rumfar ban rufe ba.

Mun tarar da abin ya yi nisa. Bidon sun watse ko'ina, wasu a fashe, ruwa da jini sun haɗu suna gangara. Wani yana rarrafe yana riƙe da kunnensa da ya rage a fata. Wani an kwantar da shi ana zuba masa sarƙar moto a baya, duk saukarta sai riga ta tsage. Duwatsu suna ta sauka a kan rufin gidaje, mata na ihu daga cikin zaure. Na hango taubashina a gindin pompo, daidai inda ya taɓa fasa wa mutumin nan baki, su uku a kansa. Ya kwantar da ɗaya da gindin adda. Na biyu ya sakar masa gora a gwiwa ya durƙusa, addarsa ta faɗi. Na ukun ya ɗaga tasa da hannu biyu ya nufi tsakiyar kansa. Taubashina ya ɗaga hannun dama ya tare.

Na ji ƙarar, kamar an sara rake. Yatsu uku suka tafi, addar ta shige har tsakiyar tafin hannu. Wani ya yi ihu cewa ga polis nan, kowa ya arce, har nasa mutanen. Na isa wurinsa yana zaune a taɓo yana kallon hannun, jini na tsartuwa. Na cire rigata na naɗe, na ɗaure damtsen da igiyar wani bidon, daidai kan tabon ƙunar da na yi masa. Na ga yatsa ɗaya a ƙasa, na ɗauka na sa a hulata, ban san me nake tunani ba. Muka sa shi a tsakiya ni da ɗan kabu-kabu, na rungume shi ta baya har gidan likita, jininsa yana bin cikina yana shiga wandona. Ina ta kiransa jaki, ina cewa jaki kada ka yi barci, jaki buɗe ido. A likita na miƙa wa wata ma'aikaciya hular, ta buɗe, ta dube ni, ta ajiye a gefe.

Ya rayu. Babban yatsa da manuni suka rage masa. Gwaggo ta zauna a gefen gadonsa har aka sallame shi, in na shigo ta amsa gaisuwata ta ci gaba da yi masa fifita.

Lahadin da ta biyo baya ba kowa a rumfa, taron ya riga ya mutu. Sai ga malamar Mirriya ta sauko daga mota. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in buɗe Lis. Wurin da muke ajiye ta yana riƙe da duk abin da aka taɓa gogewa, ni na koya musu haka, amma ban taɓa komawa na duba ba. Ta koma baya har ranar, ta fito da layinsa, ta ce in karanta har ƙarshe, da ƙarfi. Na karanta sunan darasin, na wuce harshe, na wuce mega, na zo kan bayanin da ya rubuta da Hausarsa ta ɗan aji uku, wasu haruffan a juye:

"Wannan na mai hannu mai tauri ne. Ba a buga haruffa, da yatsa ɗaya ake ja. In ka sauke shi ba ya ƙara cin mega. Na gama shi duka."

Malamar ta ce yatsunsa sun sha karyewa a faɗa sun warke a karkace, ba sa lanƙwasuwa, shi ya sa in ya danna harafi ɗaya biyu ke fitowa. Ya gaya mata tun makon farko. Sun yi wata guda suna neman darasin da hannunsa zai iya, kuma wannan ɗan bayanin ya kwana biyu yana rubuta shi. Ni da nake yini ina kallon hannuwan mutane a kan waya, ni da na zaunar da shi na ga abin da idona, tsaki kawai na yi. Na kifa kaina a tebur na yi kuka a gaban matar mutane, ba kunya.

Na yi darasin. Tsakanin azahar da la'asar, in kasuwa ta yi sanyi, na ɗauki tsohuwar wayarsa da ke nan a aljihun tebur in ja akwatuna da yatsa ɗaya. Mako biyu ya ɗauke ni, ni mai lise. Kyanwar har yanzu haushi take ba ni, amma gaskiya ɗaya ce, darasin ya yi. Yadda ake sa program ya maimaita abu har sai wani sharaɗi ya cika, wanda na haddace shekaru ina yi ba tare da na gane ba, a wurin kyanwar nan na gane shi. Layin pompon da ya gina yana cikin wayar, na buɗe cikinsa na ga yadda ya jera shi, ban samu abin gyarawa ba. Ranar da na gama na mayar da layin inda yake, da alamarsa, da haruffansa a juye, ban taɓa ko ɗaya ba.

Na tafi gidan gwaggo da yamma, rana ba ta faɗi ba. Yana zaune a tabarma a ƙarƙashin bishiyar bedi, darbejiyar ƙofar gida, hannun a naɗe a kan cinya, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Tabon ƙunar yana nan a damtse, dogo, baƙi, daidai faɗin bakin ƙarfena. Tun daga hanya nake shirya yadda zan shiga. Na tsaya a kansa na ce, "Jakin Damagaram, na gama darasin kyanwarka. Na mayar da layinka."

Na tsaya ina jira. Wallahi da ya ce mai wuyan zakara, da ya zagi wuyan da kan da duk abin da ke jikina, da na fi kowa murna a garin nan. Ya ɗago ya dube ni. Ya dafa ƙasa da hannun hagu ya miƙe da ƙyar, ya matsa ya bar mini tabarmar.

"Na gode, Malam," in ji shi. "Allah ya saka da alheri. Bismilla, zauna."

Daga cikin gida na ji gwaggo ta daina daka.

Pale ta sake shi da kanta, ba su da abin yi da mai yatsa biyu. Addar ma ba a san wanda ya tsince ta a taɓo ba. Taron Lahadi ya dawo a hankali, malamar Mirriya ce ke riƙe da Lis yanzu, ni na ce ta karɓa. Layinsa yana nan, kuma in manomi ya zo daga Hamdara ko Dakusa da hannun da fartanya ta busar, shi ake fara nuna masa. Na aika masa da wayar sau biyu, sau biyu ta dawo da godiya. Bai ƙara taka rumfar ba.

Yana sayar da esansi a bakin hanyar da nake bi zuwa kasuwa, yana zubawa da hagu, yana riƙe mazurari da yatsu biyun. Kullum sai na tsaya, ko tankin motona a cike yake. Kullum sai na ce masa jaki, wani lokaci har in ƙara da abin da ya fi haka, mutane na kallona. Shi kuma ya ajiye kwalba, ya gyara tsayuwa, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya gida, ya iyali?"